Yadda za ku biya bashin gida kafin wa'adi ba tare da yara sun ji a jikinsu ba

Ma'aikacin da ya karɓi bashin gida na shekara 20 matarsa tana da goyo, in ya bi jadawalin banki yadda aka rubuta shi, ranar da zai biya kason ƙarshe yaron nan yana jami'a. Shekarun da bashin ke cin wani kaso mai tsoka na albashi su ne kuma shekarun famfas, asibiti da kuɗin makaranta. Shi ya sa magidanta da yawa ke son sauke nauyin da wuri. Abu ne mai yiwuwa, amma yana da tsari, kuma wanda ya fara da rage kuɗin cefane ya fara daga inda bai kamata ba. Daga takardar banki ake farawa.

Mataki na farko: ku san irin bashin da ke kanku

A Najeriya bashin gida ba iri ɗaya ba ne, kuma amfanin biya da wuri ya danganta da wanda kuka ɗauka.

Akwai na Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Shi ne asusun da ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 duk wata dominsa. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara, wa'adinsa yana iya kaiwa shekara 30, kuma ta hannun ƙananan bankunan lamunin gidaje ake karɓa. Akwai na bankunan kasuwanci, wanda ruwansa ya ninka wancan sau uku ko fiye, wa'adinsa gajere, kuma sau da yawa banki ya rubuta a yarjejeniya cewa yana da ikon ƙara ruwan in Babban Banki ya ɗaga nasa. Sai kuma na bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Wannan na ukun yana buƙatar lura, don mutane sukan ɗauka duk ɗaya ne. In murabaha kuka yi, banki ya sayi gidan ya sayar muku a kan farashin da aka yanke tun ranar farko. Farashin nan ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya raguwa da kansa don kun biya da wuri. Rangwame yawanci ganin dama ne na banki. In kuwa tarayya ce mai raguwa, inda ku da banki kuka haɗa hannu a gidan, kuna biyan haya a kan kason banki kuna kuma saye kason a hankali, to duk kason da kuka saya da wuri yana rage hayar gaba.

Ku ɗauko takardar da kuka sa wa hannu, ku je wurin jami'in da ke riƙe da asusunku da tambayoyi huɗu. Shin an yarda a biya ƙari a kan kason wata? Akwai tara ko caji a kan hakan? Ƙarin da aka biya, a uwar kuɗi ake cire shi nan take, ko ajiye shi ake yi a matsayin kason watanni masu zuwa? In uwar kuɗi ta ragu, wa'adi ake gajartawa ko kason wata ake ragewa? Ku nemi amsa a rubuce, mai ɗauke da hatimi. Maganar baka a banki ba ta da nauyi, jami'in da ya faɗa muku ita ana iya yi masa canjin reshe kafin shekara.

Tambaya ta uku ita ce uwa uba. In banki ya ajiye ƙarinku a gefe yana jiran wata mai zuwa, kun matse kanku a banza, domin ruwa yana ci gaba da hawa a kan tsohuwar uwar kuɗin.

Mataki na biyu: lissafi da biro

A ce bashin naira miliyan 10 ne, ruwa kashi 6, shekara 20. Kason wata zai kama kusan N71,600. A watan farko N50,000 daga ciki ruwa ne zalla, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai wuce N21,600 ba. In aka bi jadawali har ƙarshe, za a biya kusan miliyan 17.2, wato miliyan 7.2 na ruwa.

Yanzu a ƙara N20,000 duk wata, a tabbatar uwar kuɗi take shiga. Bashin zai ƙare cikin shekara 13 da 'yan watanni, ruwan ya sauko zuwa kusan miliyan 4.5. Shekara bakwai kusan sun fita, miliyan 2.7 sun tsaya a gida.

In miliyan 10 ɗin nan na bankin kasuwanci ne, a ce a kan kashi 22 na shekara 10, kason wata zai haura N206,000, kuma a watan farko N183,000 daga ciki ruwa ne. Ƙarin N20,000 ɗin nan zai kammala bashin cikin shekara bakwai da wata bakwai, ya ceto sama da miliyan 4.

Abu ɗaya kuma da lissafin ke nunawa: lokaci ya fi yawan kuɗi muhimmanci. N100,000 da aka zuba a uwar kuɗi a farkon bashin kashi 6 na shekara 20 tana kashe ruwan da ya kai kusan N230,000. Ita dai wannan N100,000 ɗin a shekarar ƙarshe abin da za ta kashe bai kai N6,000 ba. Saboda haka shekarun farko, waɗanda yara ke ƙanana kuma kuɗin makarantarsu bai yi nauyi ba tukuna, su ne na zage damtse.

A nan dole a faɗi gaskiya a kan bashin NHF. Hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 a 2024. Bashin da ruwansa ke tsaye a kashi 6 a irin wannan yanayi, darajarsa narkewa take yi da kanta: N71,600 na bana ba ita ce N71,600 na shekara biyar masu zuwa ba. Mai kallon lamba kawai zai ce a bi jadawali, a zuba rarar a wani abu mai kawo fiye da kashi 6, kamar Sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, ko sana'a, ko fili. Maganarsa tana da tushe. Amma mutane ba don lamba kaɗai suke gaggawa ba. Wani zuciyarsa ba ta kwanta da ruwan ba, yana son fita daga cikinsa ko da asara. Wani ritaya ke tunkaro shi. Wani aikinsa na kamfani ne, ba shi da tabbacin baɗi. Wani kuma ya san kansa: in kuɗin bai tafi banki ba, ba Sukuk zai je ba, biki zai tafi. A ganina, mai bashin bankin kasuwanci ya yi gudu iya ƙarfinsa. Mai NHF ya yi sauri amma ban da gudu, kada ya hana iyali abin da ya wajaba saboda bashin da ke cikin mafi sauƙi a ƙasar.

Mataki na uku: zama na mutum biyu

Tsimi a gida mai ƙananan yara, a hannun uwargida yake. Ita ke auna shinkafa, ita ke sanin kwana nawa gas ke yi. Maigidan da ya yanke shawara shi kaɗai ya dawo ya rage kuɗin cefane, ba tsimi ya kawo ba, rigima ya kawo. A zauna bayan yara sun yi barci, a baje jadawalin banki, ta ga lambobin da idonta. «Maman Amira, ga abin da ake binmu, ga abin da ruwa ke ci duk wata. In muka iya fitar da dubu ashirin, kafin Amira ta gama sakandare gidan nan namu ne.» Ita ma tana da nata sharuɗɗan, kuma a saurare su: «Na yarda Abban Amira, amma ban da abincin yara, ban da ziyarar gida.»

In tana da albashi ko sana'a kuma za ta sa kuɗinta a bashin, a fayyace tun yanzu: kyauta ce, rance ne, ko kaso ne a gidan? Dukiyarta tata ce, ciyarwa da muhalli kuwa nauyin miji ne. A rubuta, a sa shaidu. Mutane suna jin nauyin wannan magana, amma rigingimun gado da ake gani a kotuna da yawa daga irin wannan jin nauyin suka samo asali.

Bayan zaman, ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin kati da na alawar yara, ba tare da kun rage komai ba. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. A ƙarshen wata za ku ga inda kuɗin ke zurarewa, kuma da wuya ya zama inda kuka zata.

Mataki na huɗu: kafin banki ya ga ƙarin kobo ɗaya

Abu biyu ne ke gaba da biyan ƙari. Na farko, duk wani bashi mai tsadar ruwa, musamman na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar, a kashe shi tukuna. Na biyu, a tara kuɗin ko-ta-kwana da zai riƙe gida wata uku, har da kason banki a ciki, a asusun da ba shi da katin cirewa a aljihun kowa. Kuɗin da ya shiga bashin gida ba ya dawowa. Ranar da yaro ya kwanta a asibiti ko albashi ya yi jinkiri, banki ba zai ce ai kun yi ƙoƙari a watannin baya ba. Kasonsa zai nema. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Mataki na biyar: inda rarar take

Abinci ne babban waje, kuma sirrinsa lokacin saye ne, ba rage kwano ba. Hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, yana kuma tsada a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gidan da ke awo da mudu duk mako yana biyan farashin kowane lokaci har da ribar mai shago. Gidan da ya sayi buhun masara, gero, dawa da wake da kaka, a kasuwar ƙauye ko a Dawanau ga na Kano, ya sayi shekararsa a farashi ɗaya. Akan sami shekarar da farashi ya karye bayan kaka, ba a rasa ba, amma a yawancin shekaru mai saye da kaka ne ke cin riba. In buhu ya yi muku yawa, ku haɗa da maƙwabta ko abokan aiki a raba.

Ajiya ce ke kayar da mutane. Wake in ba a kula ba ƙwari sun gama da shi kafin azumi. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki irin wanda ake kira PICS, ko a jarka mai murfi da iska ba ta shiga, a cika ta har baki. Ba sai an sa maganin ƙwari ba, kuma gidan da ke da yara masu rarrafe bai kamata ya ajiye irin wannan guba kusa da abinci ba. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Tumatir, tattasai da attaruhu kuma lokacin sanyi suke zubewa, in kayan noman rani sun shigo. A yanka a shanya, ko a niƙa a tafasa har ruwan ya tsane a ɗura a kwalba. Kuɓewa, kuka da daddawa duk suna ajiyuwa. Nama kuwa, watanda ta fi sayen kilo-kilo in akwai firiza mai samun wuta. In babu, kada a jawo asara.

Ga jarirai, abin da ya fi lafiya shi ne kuma ya fi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nonon uwa zalla wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Kuɗin madarar gwangwani a mayar da shi kan cimar mai jego. Bayan wata shida, garin kunu na gida, wato gero ko dawa da waken suya da gyaɗa a soya sama-sama a niƙa tare, yana yin aikin na kanti a kan kaso kaɗan na farashinsa. Ƙwai, wake, alayyafo, zogale, ɗan kifi da 'ya'yan itacen da ke yayi, waɗannan ba wurin tsimi ba ne. Wurin tsimi shi ne lemon kwali, biskit da taliyar leda da suka zama abin karin kumallo a gidaje da yawa. Zoɓo ko kunun aya a gora, da ɗan wake ko dankali a kwanon makaranta, sun fi su ƙosarwa.

Famfas a bar shi na dare da na unguwa, da rana a yi amfani da nafkin na wankewa, a kuma fara koya wa yaro fo da zarar ya nuna alama. Wannan aiki ne, kuma a kan uwa yake faɗawa. Maigidan da ke son rarar sai ya tabbatar akwai ruwa da sabulu, ya kuma sa hannu a wani aikin.

Lafiya ba a taɓa ta. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, a bi katin har ƙarshe. Gidan sauro kowane dare, musamman da damina, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida a jihohin arewa. Ma'aikacin da ke cikin inshorar lafiya ta ƙasa, tsarin ya ɗauki shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an yi wa kowane yaro rajista. Da yawa ba sa tunawa da sabon jariri sai ranar da ake buƙata. Jihohi ma suna da nasu tsarin.

Makaranta: ɗan shekara uku ba ya buƙatar makarantar da ake tsallaka gari da mota don a kai shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zirga-zirgar kai yara da ɗauko su yana iya kamo kuɗin makarantar kanta. Mai kyau ta unguwa, wadda za a taka da ƙafa, tare da uwa ko uba da ke zama da yaro minti ashirin da yamma a kan karatunsa, ta wadatar a shekarun nan. A raba kuɗin zango gida huɗu a riƙa warewa duk wata, don kada Satumba ta zo kamar ba a san da ita ba.

Sutura kuwa, yara suna girma kafin kaya su tsufa. Na wa ya sauka kan ƙane, gwanjo mai kyau na zaman gida, sabon ɗinki na sallah. Yadin sallah a saye shi wata biyu ko uku kafin azumi, a kai wa tela kafin layi ya yi tsawo. Kada a hana yara kayan sallah saboda banki. Kala ɗaya mai kyau ya isa, amma a yi. Layya kuma malamai sun ce a kan mai hali take, ba a cin bashi dominta.

Wuta da girki ba su da dogon bayani: mita mai kati, ƙwan fitila marar jan wuta, guga sau ɗaya a mako, jiƙa wake kafin a ɗora, girki ɗaya mai yawa maimakon uku ƙanana. Janareta ya zama na larura.

Mataki na shida: dangi da biki

Wannan ya fi duk sauran wuya, kuma littattafan tsimi na Turawa ba su san shi ba. Wanda aka ga ya shiga gidan kansa, an gama yanke masa hukuncin mai kuɗi, ba wanda ya san banki ne ke riƙe da takardun. Ba za a yanke zumunci saboda bashi ba, kuma haƙƙin iyaye ba ya cikin abin da ake ragewa. Abin yi shi ne a ware wa hidimar dangi adadi sananne duk wata, a sa shi a lissafi kamar kuɗin wuta. In ya ƙare ya ƙare, sai a faɗi gaskiya cikin ladabi: «Kawu, wallahi watan nan hannuna a ɗaure yake, bashin gidan nan ake cira. In Allah ya kai mu ƙarshen wata zan yi abin da ya sawwaƙa.» Wanda ya ji kalmar bashi yakan sassauta.

Anko kuwa uwargida ce za ta tsara wa kanta doka: na 'yan uwa na jini a yi, na ƙawar ƙawa a je da kayan da ake da su, a ba da gudummawa daidai ƙarfi. Sunan jariri ma rago da abincin baƙi ya wadatar, ba sai an kama zauren taro ba.

Mataki na bakwai: biyan ƙarin

Ranar da albashi ya shigo ake fitar da ƙarin, ba ƙarshen wata ba. Abin da aka ce sai ya rage, ba ya ragewa. A ba banki umarnin cirewa kai tsaye, ko a tura da hannu a ranar, a rubuta a bayanin turawa cewa na rage uwar kuɗi ne. Ku fara da adadin da ba zai girgiza gida ba, ko N10,000 ne, ku riƙe shi wata uku, sannan ku ƙara.

Kuɗin da ya faɗo ba zato, irin su ariyas, alawus na tafiya, kuɗin hutu, ko ribar amfanin gona, a raba shi tun kafin ya shigo: kaso mafi girma ga bashi, kaso ga asusun ko-ta-kwana, kaɗan kuma a ji daɗi da shi, a kai yara wurin wasa, a sayo kaza. Gidan da ba a taɓa sakin hannu a cikinsa ba ya jure shekara goma. Ƙarin girma a wurin aiki ma haka: rabin ƙarin albashin ya wuce banki kafin a saba da shi.

Adashi yana da amfani ga bankin da ba ya karɓar ƙananan ƙari sai dunƙule. In za ku shiga, ku nemi kwasar farko-farko, ku kai ta banki a ranar, kuma ku shiga da mutanen da kuka san inda suke kwana.

Duk wata shida ku karɓi bayanin asusun bashin ku gwada da jadawalin farko. Uwar kuɗin ta kasance ƙasa da abin da jadawali ya nuna da aƙalla jimillar ƙarin da kuka biya. In ba haka ba, ku koma da rasit ɗinku a gyara tun abin bai yi nisa ba. In aka ba ku zaɓi, ku ɗauki gajarta wa'adi a kan rage kason wata, sai dai in albashi ne ya sami matsala. In haihuwa ta zo, ko rashin lafiya, a dakatar da ƙarin a koma kason banki kawai har abubuwa su daidaita. Ƙarin na ganin dama ne, kason wata ne ba a wasa da shi.

In an kai ƙarshe

Kafin biyan ƙarshe, ku nemi banki ya rubuto muku ainihin abin da ya rage zuwa wata rana takamaimai, don kada wasu 'yan kuɗi su maƙale suna tara ruwa. Bayan an biya, ku karɓi wasiƙar da ke shaida ba a binku komai, da takardar sakin jingina, da asalin takardun gidan da banki ke riƙe da su. Sakin jinginar sai an kai shi ofishin filaye an yi masa rajista, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. In ba haka ba, a kundin gwamnati gidan yana nan a jingine, kuma ranar sayarwa ko rabon gado matsalar za ta fito. In daga albashi ake cirewa, ku kai kwafin wasiƙar ofishin biyan albashi ku bi ta har a tsayar da cirewar, sannan ku duba takardar albashin wata biyu masu zuwa. Gudummawar kashi 2.5 ta NHF daban take da bashin, ana mayar wa ma'aikaci ita bayan ritaya, saboda haka ku adana lambar rajistarku da shaidar abin da aka cire muku tare da takardun gidan.